Barka da Shan Ruwa

Azumin bana a gidan rasuwa na yi shi, a nan Fagge, kuma zafin da aka yi ba sai na ba kowa labari ba. Wuta ba ta zama, fanka ta koma ado, ruwan leda kafin a kai shi baki ya yi ɗumi kamar na wankan jariri. Ni dai likita ya daɗe da sauke mini azumi, aikina in zauna a kan darduma ina kallon masu yi suna lanƙwamewa tun kafin la'asar. Mai gidan ne ya rasu gab da ganin wata, matarsa ta shiga takaba, aka ɗauko ni aka kawo in zauna da ita, don an ce tsohuwa ba ta da aikin yi.

Ran nan da magariba ina zaune a bakin ƙofa, mata suna ta shige da fice da kwanuka. Duk wadda ta leƙa ɗakin mai takaba sai ta ce, "Hajiya, an sha ruwa lafiya?" Ita kuma daga can ƙurya ta amsa, "An sha, Alhamdu lillahi." Sai su wuce. Da suka yi sauƙi na leƙa da kaina. Dabino ɗaya ne a hannunta, ta gutsuri gefe ta riƙe sauran. Gorar ruwan da aka ajiye mata ko murfin ba a murɗe ba, leɓɓanta sun yi fari sun tsattsage. Na san amsar nan tata. Ni ma na taɓa ba da ita, a unguwar nan, a irin zafin nan, kuma ban yi ƙarya ko sau ɗaya ba.

Tun Turawa suna nan ne, kafin a ba mu mulkin kai. Daga lokacin zuwa yau azumi ya zagaya ya dawo bazara har sau biyu. Mu Barebari ne, kakanninmu fatauci ya kawo su Kano suka zauna, ni a Fagge aka haife ni, a Fagge aka yi mini aure. Muna haya a wani gidan ƙasa mai tsakar gida ɗaya da rijiya ɗaya, ɗakuna a zagaye, kowane ɗaki da irin harshensa. Namu ciki da rumfa ne: ni da mai gidana a ciki, mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna, a rumfa. Idon Inna ya riga ya yi rauni, inuwar mutum kawai take gani, amma kunnenta ko allura ta faɗi sai ta tambayi ta wace ce.

Mai gidana kifi banda yake sarowa. Ya hau jirgin ƙasa zuwa Nguru, ya dawo da kwanduna, ya kai kasuwar Sabon Gari. Kafin ya shigo zaure ƙaurin kifi ya riga shi sallama, na yi ta kunna turaren wuta ina mita, yana dariya yana cewa ƙaurin nan ne ya sayi turaren. A farkon bazarar nan ya sauko daga jirgi yana cewa kansa na sarawa. Washegari wuyansa ya ƙi juyawa. Sanƙarau ne, a shekarar ya shiga gidaje da yawa a unguwar. Kafin Juma'a ta zagayo an fita da shi a makara. Lokacin ina goyon 'yar farina, ba ta daɗe da fita arba'in ba. Sunan Inna aka sa mata, shi ya sa ake kiranta Yagana, wato ƙaramar uwa da Barbarci. Ni kuwa ba na kiran sunan, ga kunyar 'yar fari, ga sunan suruka.

Mutane suna zaton mai takaba kuka take wuni yi. Ni ban yi ba. Aka tsefe mini kai, aka kwashe kwalli da lalle, kaskon turare ya huce a bayan ƙofa, na zauna. Abin da na sani shi ne komai ya yi nisa. A yi mini magana in ji ta kamar daga gidan maƙwabta. A ajiye tuwo in ga tuwo, a ɗauke in ga an ɗauke. Yunwa ta tafi, ƙishirwa ta bi ta. Ba hana kaina na yi ba, jikin ne ya daina tambaya.

Da aka ga wata Inna ta ce, "Falmata, mai goyo ba dole ba ne. Ki bari kya rama."

Na ce, "Zan iya, Inna."

Ba wai tsoron Allah ne ya yi mini yawa ba. Azumin ne ya zo mini daidai, wuni guda ba mai turo mini kwano ya tsaya a kaina.

Zafin shekarar nan har yau in na tuna sai na ji shi a tafin ƙafata. Tun hantsi bangon ɗaki yake ɗaukar wuta, ya riƙe ta har gari ya waye. Tabarma in ka kwanta sai ta manne maka a baya. Ƙadangaru ma a gindin randa suke wuni, baki a buɗe. Rijiyar gidan ta ja baya, a ƙara igiya a ƙara igiya, guga ya fito da rabin laka. Sai aka koma famfon unguwa, inda garewani suke jeruwa tun asuba, ko a jira 'yan ga-ruwa, su ma ranar da layi ya yi tsawo sai yamma ake ganinsu. Ruwa ya zama abin lallaɓawa. Wanda aka wanke gero da shi a ba akuya, wanda aka yi alwala da shi a tara a yayyafa wa tsakar gida. Saboda ina takaba, matan gidan suka ɗauke mini zuwa famfo, kowace in ta ɗebo sai ta zuba moɗa biyu uku a randarmu. Ba wadda ta lura cewa randar ba ta neman ƙari.

Wunin gidan a jere yake tafiya, ina jin sa ta bango. Da safe shiru, sai kukan yara. Bayan azahar a fara surfe, taɓare biyu a turmi ɗaya, ba waƙa, don ba mai yawun da zai ɓata. La'asar a jiƙa tsamiya, a kai markaɗen wake, hayaƙi ya tashi a murhu huɗu. Dab da magariba sai ƙamshin ƙosai da na kunu ya cika gidan, yara su yi cirko-cirko a zaure suna jiran kiran salla. Da ladan ya ɗaga murya sai ka ji ƙarar moɗa a bakin randa ta kowane ɗaki, sai kuma gaisuwa ta kaure, barka da shan ruwa, barka kadai, an sha ruwa lafiya.

Inna daga rumfa sai ta ɗaga murya, "Falmata, kin sha ruwa?"

In ce, "Na sha, Inna."

Kowa ya san abin da ake nufi. Wanda ya kai dabino baki ya sha ruwa, wanda ya lashi kunu a ludayi ya sha ruwa. Ni ma haka nake yi, in gutsuri dabino, in kurɓi kunu sau ɗaya, in ture kwanon ƙarƙashin gado. Da sahur ma haka. Ita ta tambaya, ni na amsa, kowa ya sauke nauyi.

Yarinyar ce ta fara biya. Inna ta miƙo mini ita, ta kama nono, ta ja, ta ja, ta saki ta tsala kuka. A mayar da ita ɗayan, haka. Kwana ya yi kwana kukan ya koma siriri, daga baya ta rage yin sa, sai ta kwanta ido a buɗe tana motsa baki. Tsummokaranta da nake wankewa kullum suka ragu a kan igiya. Na lura da haka, kuma abin da ya zo mini a rai shi ne wanki ya yi sauƙi. Haka nake a lokacin, ba zan gyara muku shi ba.

Inna ce ta shafa kanta ta ji maɗiga ta faɗa. Ta yi salati, ta aika aka kira ungozoma. Suka ce ko nonon ne ya ɓaci saboda tashin hankali. Aka tatsa a ludayi, da ƙyar aka samu abin da ya rufe gindinsa, aka jefa tururuwa a ciki a ga ko za ta mutu. Tururuwa ta fito ta kama gabanta. Ungozoma ta ce nono lafiyarsa ƙalau, ƙafewa ya yi. Aka kwaɓa magani aka manna wa yarinya a maɗiga, aka dafa mini saiwoyi masu ɗaci, aka karɓo rubutu daga wajen malamin unguwa. Rubutun nan, ɗan abin da ke cikin ƙoƙo, shi ne ruwa mafi yawa da yake shiga cikina a wuni. Aka fara ɗura wa yarinyar nonon akuya, rabi ya shiga rabi ya dawo. Na ji ungozoma a zaure tana ce wa matar mai gidan haya, murya ƙasa-ƙasa, "Wannan sai dai addu'a, uban ne yake kiranta." Na ji sarai, na gyara kwanciya na juya fuskata bango.

A ɗakin da ke kallon namu akwai wani tela Bayarabe, Malam Lasisi, mai keken ɗinki a Sabon Gari. Ya daɗe a Kano, Hausa a bakinsa kamar ɗan cikin birni. Gab da azumi ya je gida wajen Ilori ya dawo da amarya, Sikira, gajeriya mai ƙarfi, mai tafiya kamar ana jiranta a wani wuri. Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba. Matan gidan suka samu abin wasa, su koya mata kalma a karkace su yi ta dariya, ita ma ta taya su. Mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta, kowa "kai" ne. Ni kuma ta mayar da ni Falimota.

Da ta ji gaisuwar magariba ta yi yawa, sai ta tambayi mijinta a tsaitsaye yana shirin fita masallaci, ya fassara mata kalma kalma: barka kaza, sha kaza, ruwa kaza. Ta riƙe. Sai ta ɗauki al'adar bin ɗakuna tana yi wa mutane barka, kuma duk inda ta leƙa takan tarar da moɗa a bakin mutum, don haka magana ta zauna mata daidai. Ɗakina ne ba ta shiga, an ce mata mai takaba ba a damunta. Sai azumi ya kusa rabi, ran nan ta kawo wa Inna ƙosai, ta ɗaga labulena.

Ta ce, "Falimota, barka da..." Sai ta tsaya. Ta dube ni, ta dubi hannuna. "Ka sha ruwa?"

Na ce, "Na sha."

Ta ce, "Ina?"

Ban taɓa jin an yi wannan tambayar ba. Ta juya ta ɗaga faifan da ke kan randarmu, ta leƙa, ta taɓa moɗa ta ji ta a bushe ƙayau. Ta cika ta ta miƙo mini.

"Ka sha, in yi barka."

Inna ta ce daga rumfa, "'Yar nan, ai gaisuwa ce. Ta buɗa baki, shi ke nan an sha ruwa."

Sikira ta washe baki ta ce, "Na gode, Mama," ba ta motsa ba. Matan gida suka jiyo, suka taru a ƙofa suna ƙyaƙyatawa, wata ta ce, "Yau ga Bayarabiya za ta koya mana Hausa." Ita dai tana tsaye, hannu a miƙe, ruwa yana ɗiga a kan tabarmata. Na ga in ban karɓa ba taron nan ba zai watse ba. Na karɓa na kurɓa na miƙa mata. Ta leƙa ciki ta girgiza kai ta mayar mini. Haka na shanye, ba daɗi ba rashin daɗi, sai dai na ji saukarsa tun daga maƙogwaro har ciki. Da ta ga gindin moɗa sai ta buɗe murya kamar a gidan suna, "Barka da shan ruwa!" Ta fice abinta.

Na ɗauka an gama. Washegari ladan bai rufe baki ba sai ga ta. Jibi ma haka. Sannan ta lura mutane suna yi wa juna barka har bayan an dawo daga asham, sai ita ma ta ƙara. Ta wuce za ta ɗauko wuta, barka. Ta dawo da wutar, barka. Kowace barka kuwa da moɗarta, kuma ba ta furta kalmar sai ta ga gindi. Na yi mata shiru, ta tsaya. Na yi kamar barci, ta tsuguna tana jira. Ran nan na daka mata tsawa, na ce, "Ke wai ba ki da aiki ne? Ki rabu da ni mana!" Ta ce, "Na gode," ta miƙo moɗa. Na ji kamar in kwaɗa mata ita a goshi. Fushin nan shi ne abu na farko da na ji a jikina tun ranar da aka fita da mai gidana.

Inna tana jin duk wannan. Wata safiya na ji ta ta lallaɓo tana bin bango har gindin randa. Ta zura hannu ciki har gwiwar hannu kafin ta taɓa ruwa. Ta daɗe a sunkuye. Ita ce take wa matan gida godiya kullum in sun zuba, ta san da can yatsa kawai take sawa ta taɓo shi.

Ta ce, "Falmata, ashe duk kwanakin nan na baya randar nan ba ta motsi?"

Na ce, "Kin tambaye ni ko na sha ruwa, na ce na sha."

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta zauna a ƙasa daɓas, ta yi ta magana da Barbarci, ba da ni ba, da kanta. Da ta gama ta share fuska ta ce, "Daga yau kin ajiye azumi. Ba shawara nake ba ki ba. Na binne ɗa a bazarar nan, ba zan binne mai sunana ba."

To, nan fa Sikira ta samu rana. Ban san wanda ya gaya mata ba, amma azahar na yi sai ga ta, ta dawo daga famfo ke nan, gammo a ka, zufa ta jiƙa mata riga. Tana da wani ɗan tulu da take naɗe wa jiƙaƙƙen buhu ta ajiye a inuwa, ruwansa har haƙori yake kamawa. Shi ta tsiyayo mini. Ita kuwa tana azumi. Ina sha ina kallon maƙogwaronta yana motsi tare da nawa, leɓɓanta sun bushe har sun yi ɓawo. Tsakiyar rana, gari kamar tanda, mai azumi ta riƙe ruwan sanyi tana yi wa wata barka da shan ruwa. Matan gida wannan karon ba su yi dariya ba.

Na ce mata, "Ke ba kya jin ƙishi ne?"

Ta nuna ƙirjinta ta ce, "Ni, ƙishi yana nan." Ta nuna ni. "Kai, babu. Ba kyau."

Da yake ba za ta iya wuni a kaina ba, sai ta ɗaura abin a jikin salla. Duk lokacin da ta ji ƙarar butata zan yi alwala, sai ta ƙwalla daga ɗakinta, "Falimota!" In ban amsa da ƙarar moɗa ba, sai in ji takunta. Don in huta da takun nan na fara sha da kaina. In ɗauki buta, in ɗauki moɗa. Asuba, azahar, la'asar, haka har isha'i, sannan duk sanda aka miƙo mini yarinya in sha kafin in karɓe ta. Ba na jin ƙishi ko kaɗan. Ina sha ne kamar yadda ake zuba wa shuka, ba a tambayarta.

Kada wani ya zaci abin ya zo da sauri. Kwanaki suka wuce ba abin da ya canja, sai yawan zagayawa bayan gida da na tsana. Inna ta sa aka dinga dama mini kunun kanwa ana tsayawa a kaina. Yarinya tana nan kamar tsumma, hannunta bai fi yatsana biyu ba. Inna ta daina kwanciya da rana, tana rungume da ita tana ɗiga mata nonon akuya, ni kuma a sa mini ita a ƙirji ko da ba abin da za ta samu. Ina kallonsu ina shan ruwana. Ban sa rai ba, ban kuma cire ba, ba ni da ran da zan sa.

Ana cikin goman ƙarshe, wata la'asar iska ta tsaya cak, ko ganye ba ya motsi. Sai gabas ta yi baƙi. Guguwa ta taso ta kwashe faifai da tsummokara daga igiya, ƙofofi suna bugawa, mata suna kiran yara. Da ɗigon farko ya faɗi a tsakar gida sai ƙamshin ƙasa ya tashi ya shigo har ƙuryar ɗaki. Gidan ya rikice, kowace ta fito da abin da take da shi, garwa, tukunya, kwarya, har turmi, ana jira indararo ya wanke jan ruwan farko a tara. Masu azumi suna tsaye cikin ruwa baki a rufe gam, suna dariya ta hanci. Na hango Sikira da garwa biyu tana gudu, ɗankwali ya faɗi.

Ni ina zaune a bakin gado da yarinya a cinya. Sai na ji ƙirjina ya yi tsam, ya yi nauyi, gaban rigata ya jiƙe. Na ɗauka ɗigon rufi ne, har na ɗaga kai. Na sa ta. Ta kama da kasala yadda ta saba, ta ja, sai ta tsaya kamar ta yi mamaki, sannan ta ja da ƙarfi. Duk da ƙarar ruwan sama Inna ta jiyo daga rumfa, ta ce, "Wace ce take haɗiya?" Ta rarrafo ta kara kunne. Muka yi shiru mu biyu muna sauraron maƙogwaron jaririya. Can an jima na ji ɗumi yana bin cinyata. Inna ta shafa zanena ta ji shi sharkaf da fitsari, ta kama hanci za ta rangaɗa guɗa, sai ta tuna gidan da take, ta saki hancin ta rufe bakinta da hannu biyu, kafaɗunta suna rawa.

Ban yi kuka ba ranar ma, kukan sai bayan salla ya zo, ina tsaka da wanki. Abin da na ji ranar shi ne harshena ya manne a ganɗa, maƙogwarona yana ƙuna. Na daɗe kafin in gane ko mene ne. Na miƙa wa Inna yarinya, na je gindin randa, na sha moɗa ɗaya na ƙara, ba wanda ya tsaya a kaina. Da Sikira ta shigo da magariba a jiƙe, ta taɓa moɗa ta ji ta da danshi, ta dube ni. Duk da haka sai da ta cika ta.

Ana jibi salla ne na kama ta. Na fito zan zagaya, sai na ji ta a murhun matar mai gidan haya tana cewa, "Barka da shan ruwa, Mama." Matar kuwa ƙosai take tsamewa, ba moɗa ba kofi, dabino ne a kuncinta. Ta amsa ta ce, "Ke fa, kin sha?" Sikira ta ɗaga guntun dabinonta ta ce, "Na sha." Na tsaya har ta juyo muka haɗa ido.

Na ce, "Sikira, ashe kin san abin da ake nufi?"

Ta yi fuskar marainiya ta ce, "Hausa wuya, Falimota." Ta wuce ni ta shiga ɗakina ta ɗauko moɗa.

Sai bayan shekaru, lokacin Hausarta ta fi tawa kaifi, tana sayar da atamfa a Sabon Gari ba mai iya yi mata wayo, ta gaya mini cewa ranar farko ce kawai ba ta sani ba. A ranar mijinta ya dawo ya ji labari, ya yi mata bayani, har ya ce ta ba shi kunya. Ta ce masa to, ta ji. Washegari ta dawo ɗakina. Mun yi zaman gida ɗaya har na sake aure na tashi, ba mu rabu ba, yarinyar nan a bayanta ta yi wayo. Ta iya "ke" da "kai" sarai, amma ni har suka koma garinsu da tsufa ba ta taɓa ce mini "ki sha" ba. Daga baya aka aiko cewa ta rasu. Ban san inda kabarinta yake ba.

Al'adar kuwa ta zauna. Har yau in na ɗauki buta hannuna yana neman abin sha, ko ina jin ƙishi ko ba na ji, kuma da tsufa ya zo ƙishin ya sake yin nisa. Jikokina suna da waya mai ƙara tana tuna musu su sha ruwa, su kashe ta su ci gaba da hira. Randa ta ɓace daga gidaje, sai firji da gora da leda. Gaisuwar ce dai ba ta canja ba, yadda ake yin ta a gidan hayarmu haka na ji ana yin ta a ƙofar mai takabar nan.

Mai takabar ita ce jaririyar. Ta yi furfura, ta je Makka, tana da jikoki, har yau ban taɓa kiran sunanta ba. Ita ma Ya Falmata take ce mini, yadda ta ji kowa yana faɗa.

Na dafa bango na miƙe. Murfin gorar ya fi ƙarfin hannuna, sai da na sa haƙorin da ya rage. Na tsiyaya a kofin silba har ya cika, na bar sandata a ƙofa da gangan, na shiga na tsaya a kanta.

Na ce, "Kin sha ruwa?"

Ba ta ɗago ba ta ce, "Na sha, Ya Falmata."

Na ce, "Ina?"

Wata daga cikin surukanta da ta biyo ni ta ce, "Kaka, ai ta buɗa baki, ga dabino nan a hannunta. Zo ki zauna kada ki faɗi."

Na kara hannu a kunne na ce, "Me? Ba na ji." Sikira rashin Hausa ta samu, ni tsufa na samu, kuma ba mai iya korar tsohuwa daga ɗakin 'yarta. Ruwan yana ta zuba a kan dardumarta. Na miƙa mata kofin, na ce da muryar da ba tawa ba, "Ka sha, in yi barka."

Sai ta ɗago. Ta san mai maganar nan, a bayanta ta girma. Ta daɗe tana kallona, bakinta yana motsi kamar ranar da take kan cinyata. Sannan ta ajiye dabinon, ta karɓa da hannu biyu. Ta kurɓa ta miƙo mini, na leƙa ciki na girgiza kai na mayar mata. Ban zauna ba sai da na ga gindin kofin, sannan na yi mata barka da ƙarfi, har na tsakar gida suka jiyo.

Bayan isha'i na koma, yau da asuba ma na je. Takaba doguwa ce, ni kuma an ce ba ni da aikin yi.